Shekarar da Gero Ya Ruɓe a Siton Alhaji

Ruwan da aka yini ana tsugawa a Azare makon jiya ne ya tono mini wannan labari. Washegari da safe na bi ta layin 'yan hatsi zan tafi wurin aiki, sai na tarar wani ɗan kasuwa ya zazzage buhun geronsa a kan leda yana bazawa da ƙafa, ashe ruwa ya shigar masa rumfa. Warin jiƙaƙƙen gero da ya fara tsami ya daki hancina. Ban san lokacin da na toshe hanci da gefen hijabi na ƙara sauri ba. Mutumin ya bi ni da kallo, ƙila a ransa yana cewa ga wata 'yar boko mai ƙyanƙyami. Bai san na taɓa shaƙar uban wannan ba.

Shekara goma sha wani abu ke nan. A lokacin a tsakiyar marka azumi yake faɗowa, ba kamar yanzu da ya gangaro wajen ƙarshen sanyi ba. Ƙannena da suka fara azumi a bazara ƙishirwa suka sani. Mu a waccan shekarar ƙishirwa ba ta dame mu ba, don kullum garin a lumshe yake. Yunwa ce ta sa mu a gaba.

Ina aji uku a jami'a, ina karanta harkar kasuwanci. Darussa biyu ne suka fi shiga raina: ɗaya na sarrafa kuɗi, ɗaya kuma na tsara aikin kamfani, wato yadda ake sayo kaya, a ajiye, a sarrafa, a fitar. Malam Garba ne ke koyar da na biyun, wani siriri mai sanyin murya wanda ba ya dariya sai ya ga lissafi ya fita daidai. Yakan ce mana, "Kayan da ke sito ba kaya ba ne, kuɗi ne kwance. Tambayar ita ce yaushe za ka tashe shi." Gaskiya yakan ƙara da maganar haɗarin ajiya, amma mu ɗalibai ɓangaren riba muka fi riƙewa, don shi ya fi daɗin lissafi. Ka saya da kaka, ka jira tsada, ka fitar. A takarda abin tsaf yake kamar sabon kwano. Na ci jarrabawar nan da maki mai kyau, har Malam Garba ya ambaci sunana a aji.

Da aka yi dogon hutu sai sashenmu ya tura mu koyon aiki a kamfanoni. Ni da ƙawata Yagana, wadda iyayenta 'yan Borno ne amma a Azare aka haife ta, aka kai mu kamfanin wani Alhaji a bayan gari. Ba zan kama sunansa ba, yana da 'ya'ya da jikoki a garin nan. Hatsi yake saye, yana da injin niƙa da na surfe, motocinsa na kai gari har wasu jihohi. Mahaifina manomi ne a Giade, don haka sai na sauka a gidan ƙanwarsa, Goggo Hajjo, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki marayu. Sana'arta fura. Duk unguwar an san furar Goggo, ba tsakuwa, ga yaji daidai.

Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba. Rumbuna suka ƙare tun kafin shuka. Ita kuma daminar da muke ciki sai ta zo da nata: ruwa ba dare ba rana. Kogi ya cika ya malale fadamun wajen Katagum da Gadau, hanya ta yanke a wurare, manyan motoci suka daina shigowa. Tiyar gero in ka taya da safe, da yamma ka koma an ƙara. Kafin azumi ya yi mako guda Goggo ta kife turminta. Matan Fulani su zo da ƙwaryar nono su tsaya a ƙofa, ta ce, "Ku yi haƙuri, yau ma babu," su juya.

Ga yadda yininmu yake. In an yi sallar asuba Goggo ba ta komawa barci, sai ta hau tare ɗigon ɗaki da robobi da tsofaffin kwanoni. Ni in shirya in tafi aiki, takalmina a hannu, don taɓon unguwarmu ba ya barin takalmi a ƙafa. Ita kuma da hantsi ta bi matan maƙwabta zuwa bayan gari tsinkar tafasa da yaɗiya da rama. In na dawo da la'asar sai in tarar da ita a madafa tana fama da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika gida, idonta ja wur. Mu dafa ganyen, mu matse, mu kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙulin da aka daka. Shi ne buɗa-baki, shi ne abincin dare, abin da ya rage a rufe don sahur. Tufafi ba sa bushewa. Ashana ba ta kamawa sai an ɗumama ta a hammata. Tabarma kanta sai da ta yi funfuna. Jikokin Goggo da ba su isa azumi ba su ma kusan azumin suke yi.

Abin da ke ɗan tallafa mana shi ne kunun ƙofar Alhaji. Gidansa ba nisa da namu, kuma kowace yamma ana fito da manyan tukwane na kunun tsamiya a raba wa mutane. Goggo takan karɓo a jug ɗinta na roba, ta zauna ta yi ta sa masa albarka. "Allah ya ƙara wa bawan Allahn nan. Ba don shi ba, da me marayun nan za su sha?"

A kamfani kuwa aikinmu bai taka kara ya karya ba. Injin niƙa yakan yini a kashe, wai babu hatsi. Muna zaune a ofishin Manaja, wani mai fara'a da son a san ya iya aiki, muna jera masa takardu. A can ƙarshen fili akwai wani dogon gini na bulo mai rufin kwano, ƙofarsa ta ƙarfe kullum a garƙame. Mun ɗauka tsofaffin injuna ne a ciki.

Wata safiya Manaja ya ɗauko makullai ya ce, "Ku zo in nuna muku abin da ake koya muku a makaranta, ku gan shi ido da ido."

Ya tura ƙofar. Da farko duhu ne kawai. Da idona ya saba sai na ga buhuna. Daga ƙasa har rufi, daga bakin ƙofa har inda haske ya ƙare, an jera su kamar ginin soro, ɗan lungu kaɗai aka bari na wucewar mutum ɗaya. Na tsaya cak. Yagana ta damƙi hannuna har sai da na ji zafi.

"Ma'u," ta ce a hankali, "gero ne?"

Manaja ya ji ta. Ya daki buhu ɗaya da tafin hannu yana murmushi. "Gero ne zalla. Tun kaka muka bi ƙauyuka muka tara, lokacin ana rabuwa da shi a arha. Kun ga aikin hankali ko?"

Da ƙyar na ce, "Yallaɓai, to yaushe za a fitar?"

"Sai bayan Sallah. In hanyar nan ba ta gyaru ba, farashin bai ma fara tashi ba tukuna."

Abin da ya fi girgiza ni ba yawan geron ba ne. Maganar da ya yi ce. Kalma da kalma, ita na rubuta a jarrabawa aka ba ni maki. Ban taɓa kawo wa raina cewa masu jiran tsadar nan ta wuce su ne Goggo da jikokinta ba. Ban taɓa tunanin gero na da nisan tafiyar ƙafa daga turmin da aka kife ba.

Da aka sha ruwa ranar na kasa haɗiye kunun. Goggo ta lura. Na gaya mata abin da na gani, ban rage komai ba. Ta ajiye ludayinta ta dube ni.

"Asma'u, da bakin da kika yi azumi kike wannan magana?"

"Wallahi Goggo da idona na gani."

"Kin ga buhu. Kin san na wane ne? Ƙila ajiyar mutane ce, ƙila na gwamnati ne. Mutumin da ke ciyar da unguwa guda? Kul na ƙara ji. Boko bai ce ki ci naman mutane ba."

Ita ta ƙarasa nata kunun, ta yi masa addu'a kamar kullum.

Daga ranar Manaja ya sa mu riƙa leƙa siton muna duba ɓarnar ɓeraye. A nan muka fara ganin abin da ya tayar mana da hankali. Buhunan ƙasa a kan siminti suke kai tsaye, ba katako a ƙarƙashi. Sun jingina da bango, bangon kuwa ya sha ruwa har ya yi baƙi. Rufin yana ɗiga a wurare. Tagogin sama duk an toshe su da kwano don kada a leƙo a gani. In ka shiga lungun tsakiya sai ka ji wani ɗumi yana fitowa daga cikin buhunan, alhali waje sanyi ake yi. Yagana ta cusa hannu tsakanin buhu biyu ta zaro da sauri.

"Kamar jikin mai zazzaɓi," ta ce.

Muka sami Manaja muka faɗa masa duk abin da muka karanta: a ɗaga kaya daga ƙasa, a buɗe iska, wanda ya fara shiga shi ya fara fita. Ya saurare mu, fuskarsa ta ɗan canja, amma ya ce, "Na ji. Sai dai ni ɗan aike ne. Alhaji ya ce ko tiya ɗaya kada ta fita."

Ana cikin haka Malam Garba ya zo duba ɗalibansa. Ya iso a jiƙe, wandonsa duk taɓo. Ko zama bai yi ba muka ja shi siton. Ya daɗe a tsaye yana kallon buhunan. Sannan ya karɓi tsinken ƙarfen da ake soke buhu a ɗebo samfuri, ya soka can ciki, ya zazzage a tafinsa. Geron ya canja launi, ya dunƙule. Ya sansana. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ina Alhajin yake?" ya ce.

Aka kai mu falonsa na ofis. Alhaji dattijo ne mai kamala, fari tas da gemu, carbi a hannu. Ya karɓi Malam Garba da mutunci. Malam ya yi masa bayani a natse: danshi ya shiga, geron ya fara zafi daga ciki, in ba a fitar an shanya an sayar a makon nan ba, ba riba ba, uwar kuɗin ma ba za ta dawo ba. Ya ƙara da cewa, "Kuma ranka ya daɗe, mutane na cikin wani hali."

Alhaji ya yi murmushi. "Malam, Allah ya saka da alheri. Tun ba a haifi 'yan matan nan ba nake harkar hatsi. Gero ba tumatir ba ne. Saura kwana nawa Sallah? Mutane kuwa muna iya bakin ƙoƙarinmu a kansu, ka tambayi unguwa."

Da muka fito Malam Garba ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon sama, hadari ya sake haɗowa daga gabas. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Na koya muku yaushe ake fitarwa. Ban koya muku yadda ake sa mai kaya ya yarda ba, don ni ma ban sani ba."

A goman ƙarshe aka yi ruwan da har yau tsofaffi ke kwatance da shi. Kwana da kwanaki rana ba ta leƙo ba. Katangu suka yi ta faɗuwa a unguwa. Ɗakin girkin Goggo ya zauna, muka koma hura wuta a zaure. Ban samu zuwa aiki ba sai da aka ɗauke.

Tun daga bakin titi warin ya tare ni. Wani irin tsami ne mai ɗaci, haɗe da ɗoyi, mai shiga maƙogwaro ya zauna. Na tarar da mutane cirko-cirko a filin kamfani. Bangon siton na baya ya tsage daga sama har ƙasa, geron da ya sha ruwa ya kumbura ya tura shi. 'Yan dako suka taru suka ɓalle ƙofar, don ta ƙi buɗuwa. Da ta buɗe sai tururi ya fito, tururi sosai kamar an buɗe tukunya. Buhunan sama sun tsiro, fararen saiwoyi sun huda su sun sarƙe da juna, har da koren ganye a inda haske ke shiga. Na tsakiya sun yi baƙi sun manne, sai da gatari da shebur. Na ƙasa kuwa sun narke, wani ruwa mai kauri yana gangarowa waje. Wani ɗan dako ya juya gefe ya yi ta kakarin amai, ga azumi a bakinsa. Yagana ta zauna a ƙasa, a cikin taɓon, tana ta maimaita, "Innalillahi, innalillahi."

Alhaji ya zo. Ya tsaya daga nesa, ya toshe hanci da hannun riga. Na zuba masa ido ina jiran in ga ya faɗi ko ya yi kuka. Bai yi ko ɗaya ba. Can ya kira Manaja ya ce a kwashe a zubar a bayan katanga, duk mai so ya ɗiba ya ba dabbobi.

Kafin azahar labari ya gama gari. Abin da na gani da yammacin nan shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mata da maza, da buhuna da bokitai da zannuwa, suka yi dafifi a kan tarin ruɓaɓɓen geron suna tonawa da hannu. Ba don dabbobi ba. Wa ke da dabba a lokacin? Kowa na neman inda bai gama lalacewa ba. A cikinsu na hango Goggo da bahonta. Ta iso, amma ba ta sunkuya ba tukuna. Ta tsaya tana kallon tarin, ta ɗaga kai ta bi tsawonsa, ta juya ta kalli motar da ke ƙara juyo wani. Na matso kusa da ita.

"Duk wannan a ciki yake?" ta ce.

"Ko rabi ba a fitar ba, Goggo."

"Tun farkon azumi?"

"Tun kaka."

Ta sunkuya ta fara tona, na sa hannu na taya ta.

Kwanakin da suka rage na azumi a kan geron nan matan unguwarmu suka ƙare. Aka haɗu a tsakar gidan Goggo don ya fi faɗi. Wasu na wankewa a baho suna tsame wanda ya taso, wasu na tsince baƙin ɗaya bayan ɗaya a faifai, wasu na shanyawa a tabarmi da zannuwa. Da an ga hadari sai a kwashe a guje, da ya wuce a sake bazawa. Hannuwanmu suka yi fari suka yamutse. Aka surfa, aka sake wankewa da ruwan toka, aka sake shanyawa. Ba mai hira sosai. Daga baho cike da ƙyar a tsira da abin da zai rufe gindin ƙwarya, shi ɗin ma launinsa kamar ƙasa.

Da aka niƙo garin, Goggo ta dama kaɗan bayan an sha ruwa ta ɗanɗana. Ta tofar. Ta watsa wa kajin maƙwabta, suka sansana suka watse. Ta ce wa matan, "Kada wadda ta ba yaro wannan. Gara yunwa." Wata ta fashe da kuka. Sauran suka tattara tabarminsu suka fita ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka Goggo za ta zubar da garin, sai na ga ta ɗaure shi a leda ta ajiye. Tun daga ranar kuma ba ta sake zuwa karɓar kunu ba.

Ana jajiberin Sallah Baba ya samu wanda ya ratso ruwa ya kawo mana ɗanyar masara da 'yar shinkafa daga Giade. Ita muka dafa da safe, yara suka ci suka ƙoshi a karo na farko cikin wata guda. Bayan an sauko daga idi sai na ga Goggo ta sake ɗora tukunya. Ta kwance ledar nan ta tuƙa tuwo. Warin ya cika zaure. Ta kwashe malmala uku masu kyau, ta gyara su da mara kamar na baƙo, ta jera a sabuwar langarta da ba ta taɓa ci a ciki ba, ta rufe da faifai. Ta yi wanka ta sa atamfarta ta Sallar bara.

"Ɗauko mayafinki ki raka ni," ta ce.

"Ina za mu, Goggo?"

"Kai tuwon Sallah."

Sai da muka karya kwanar layin na gane inda muka nufa. "Goggo, don Allah," na ce. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Matar nan da ban taɓa jin ta ɗaga wa ko mai tallan itace murya ba.

Zauren Alhaji cike yake da masu barka da Sallah, manyan riguna, ƙamshin turare. Goggo ta cire takalmi, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta gaishe shi da ladabi kamar yadda ta saba. Ya amsa da fara'a, ya tambayi marayu. Ta ce suna lafiya. Sannan ta tura langar gabansa da hannu biyu.

"Tuwon Sallah ne na kawo maka, Alhaji. Da geronka na tuƙa."

Wani da ke miƙa hannu zai gaisa ya tsaya da hannunsa a sama. Goggo ta miƙe, ta sa takalminta, muka juyo. Sai da muka yi nisa ta dafa kafaɗata.

Da la'asar Manaja da kansa ya yi sallama a ƙofarmu. Ya miƙo mini langar a wanke tas, faifan a kai. Babu tukuici, babu saƙo. Bai ma yarda mun haɗa ido ba. Na kai wa Goggo tana zaune tana tsefe wa jikarta kai. Ta buɗe ta duba, ta mayar ta rufe.

Na ce, "Goggo, kina jin ya ci?"

Ta ci gaba da tsifarta. "Ya ci ko bai ci ba, ya dai buɗe ya shaƙa."